Ni Na Yanka Sitikar, Ba Ni Na Kai Ta Daji Ba

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kabu-kabu ta Tasharmu,
Hanyar Boda, Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan 'yan ƙungiya. Allah Ya tsare ku a kan hanya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Sunana Murtala, ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin mazaɓar Daddara, amma a tasha an fi sanina da Malam Mai Sitika. Ni ba baƙo ba ne a wurinka. Da marigayi mahaifina kuka yi fataucin hatsi zuwa Maraɗi, kuma Baba nake ce maka tun ban san hannun dama da na hagu ba. Sau uku na zo ofishinka don mu yi wannan magana mu biyu. Zuwan farko aka ce ka tafi Katsina. Na biyu aka ce kana taro. Na uku ina kallon takalmanka a bakin ƙofa aka ce ba ka nan. Tunda a bainar jama'a aka ɓata ni, ka gafarce ni, a bainar jama'a zan yi bayani.

Na farko, sana'ar da nake yi.

Albashin malamin firamare kowa ya san inda yake tsayawa, ba sai na ɓata tawada ba. Shekara shida ke nan da na koyi yankan sitika a wurin wani mutumin kirki a Katsina, na lallaɓa na sayi ɗan injin yanka da tsohuwar kwamfuta, na kama wani ɗan shago kusa da tasha. Da safe ina aji, daga la'asar zuwa magariba ina shago. Ina zana rubutu ko hoto a kwamfuta, inji ya yanka a jikin leda mai gam, in tsince abin da ba a so da bakin reza, in wanke ƙarfen mota tas, in manna, in goge har ba sauran iska a ƙarƙashi. Na yi wa manyan motocin da ke lodin hatsi, na yi wa 'yan Nijar masu manyan motocin da suke kira kamyo, na yi wa mashina ba adadi. Direban da ya fi kowa gaggawa a hanyar Magama ni na rubuta masa "Sannu Ba Ta Hana Zuwa" a bayan mota, kuma har yau bai taɓa karantawa ba. A ƙasan kowane aiki nakan sa ɗan ƙaramin rubutu, "Aikin Murtala", don wanda ya gani ya yaba ya san inda zai nema. Ban taɓa tunanin wannan 'yar talla za ta zame mini abin kuka ba.

Lokacin da aka rufe boda, na yi watanni injin yana lulluɓe da tsohon zane. Motoci suna jere a rana, wa zai yi wa motar da ba ta motsi ado? A cikin wannan hali aikin ƙungiyarku ya zo, na ce Allah Ya kawo sauƙi.

Na biyu, aikin da kuka ba ni da gargaɗin da na yi.

Kun yanke shawarar kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki sitika mai tambarinku da lamba a kan tankin mashin, don jami'an da ke shingayen hanya su bambanta ɗan kabu-kabu na gaskiya da masu kai wa ɓarayin daji kaya. Shawara ce mai kyau, kuma ta yi aiki. Mai sitika yakan wuce shinge da ɗaga hannu, marar ita a sauke shi a zazzage. Guda ɗari biyu kuka ce, ɗari biyu na yanka. Da hannuna na manna kowace ɗaya a cikin tasha, sakatarenka yana zaune kusa da ni yana rubuta suna a gaban lamba. Waɗanda suka lalace wajen yanka na kawo su a leda, aka ƙona su a gabanka.

A ranar da muka gama na faɗa maka abin da nake tsoro, kuma ina roƙon ka tuna. Ɗan kabu-kabu ba ya daɗewa da mashin. In ya ɗan sha hanya, ko wata lalura ta taso, sai ya kai shi kasuwar Lahadi ya sayar. Kuma ba mai ɓare sitika kafin ya sayar. Dalili shi ne rana tana cin fentin tanki ta bar wurin da leda ta rufe sabo fil. In ka ɓare, sai ga tabo a tsakiyar tanki, mai saye, musamman in daga ƙetare ya zo, ya ce ai wannan mashin ya taɓa faɗuwa an yi masa faci, ya karya kuɗi. Don haka kowa da sitikarsa yake sayarwa. Na ce a kafa doka duk wanda zai sayar ya fara kawowa a cire, ni zan cire kyauta in goge gam ɗin da kananzir. Ka yi dariya, ka ce mu malaman makaranta ba ma jin daɗi sai mun kafa wa mutane doka. Ni ma na yi dariya, don kai babba ne.

Na uku, abin da ya faru.

Mako guda bayan ƙaramar Salla, 'yan sa-kai suka ci karo da wani mashin a burtali can gaba da Bugaje, ɗaure da jarkokin fetur da buhun burodi. Mai shi ya yar ya shige daji. A kan tankin akwai tambarin ƙungiyarku. An kankare lambar da wuƙa, amma wanda ya kankare bai damu da ɗan rubutun ƙasa ba, sunana yana nan raɗau.

Kafin la'asar aka zo shagona. Aka kwashe inji da kwamfuta da naɗin leda, har da aikin wani direba da na yanka ban manna ba, aka kai ofishinka. Ban yi gardama ba, na ɗauka bincike ne, kuma wanda bai ci nanin ba nanin ba za ta ci shi ba. Sai daga baya na ji abin da ka faɗa a tsakiyar tasha, ina can ina rufe shagon da ba komai a ciki. Ka ce mutum ɗaya ne a garin nan yake iya yanka wannan sitika, kuma ba wanda ya san ko guda nawa ya yanka. Na yarda, Baba, ba ka ce infoman ɓarayin daji ba. Ba ka buƙatar faɗa. Kafin a kira magariba gari ya ƙarasa maka maganar.

Na huɗu, abin da na sani kuma ka sani.

An bar ni na ga mashin ɗin sau ɗaya, kuma ina ɗora ido na gane shi. Tanki ne da ya ba ni wahala ranar mannawa, sai da na ɗumama ledar kafin ta kwanta, kuma hannu ba ya manta irin wannan. Na san lambar da aka kankare, na san mai ita. Ɗan ƙungiyarku ne, ya sayar da mashin ɗin tun kafin azumi saboda wata lalura ta gida, kuma daga hannun dillali ba wanda ya san hannu nawa ya bi. Bai yi komai ba sai abin da kowa yake yi. Na aiko maka da wannan bayani ta bakin sakatarenka, na ce a asirce. Yau mako bakwai ban ji ko tari ba.

Na daɗe ina tunanin dalilin shirun nan, kuma ina jin na gane. In ka fito ka ce 'yan ƙungiya suna sayar da mashina da sitika a jiki, daga ranar sitikar ta tashi aiki. Kowane shinge za a koma sauke yaranka ana zazzagewa, kuma za a tambayi wanda aka gargaɗa bai ji ba. Ya fi sauƙi a ce mai yankawa ne ya yanka ƙari ya sayar ta bayan fage. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin yana da mata da 'ya'ya uku.

Matata Hajara ta yi kuka ta roƙe ni in faɗi sunan mutumin in huta. Ba zan yi maka ƙarya ba, na kusa. Akwai ranar da na taso daga gida da niyyar in tsaya a tasha in faɗa da ƙarfi. Amma ranar Juma'ar da ta gabace ta, bayan an sallame, shi kaɗai ne a sahunmu ya miƙo mini hannu, bai iya ɗaga ido ya dube ni ba. Na tuna wannan hannu a hanya, na juya gida. Na ɗanɗana abin da ake ji in an kira sunan mutum tare da daji a garin nan, ba zan ɗora wa wani ba, ko da shi ne maganin nawa ciwon. Don haka kada wani ya jira ganin suna ko lamba a cikin wannan takarda.

Na biyar, halin da nake ciki.

Shugaban makarantarmu, mutum mai kunya, ya kira ni gefe ya ce in ɗan huta a gida, don iyaye sun fara hana yara shiga ajina. Yaran da na koya wa ƙidaya da tsakuwa. Mai shayin da nake zama wurinsa shekara da shekaru yanzu in na doso sai hira ta mutu, kowa ya tuna yana da uzuri. Abin da ya fi ci mini rai na gan shi ne a bakin tasha. Wani direba da muka saba, wanda na yi wa aikin da nake alfahari da shi, ya tsuguna a bayan motarsa da reza yana kankare sunana. Ya hango ni ya juya baya, ya ci gaba. Ban ga laifinsa ba, shi ma shingaye yake bi. Amma na koma gida na kasa cin abinci.

Na kai Hajara da yara Katsina wurin yayanta. Ɗiyata ƙarama ta tambaye ni ko hutu ne, na ce hutu ne. Baba, kai ka girme ni, ka fi ni sanin yadda ake ƙarewa da mutumin da aka laƙa wa wannan kalma a ƙasar nan. Ba kotu ake kai shi ba. Mun raka irinsu makwanci, wasu sai bayan an rufe su aka gane ba su ne ba. Ina jin tsoro, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka tara 'yan ƙungiya da mashinansu a gaban mai unguwa da liman, a duba tankuna da littafin sakatare. Za a ga waɗanda suka sayar da sitika a jiki ba ɗaya ba ne ba biyu ba, kuma laifin da aka raba wa mutane da yawa ba ya kashe kowa.

Ina roƙon ka tsaya a daidai wurin da ka tsaya ranar nan, ka ce ɗari biyu aka ba Murtala, ɗari biyu ya yanka. Magana zarar bunu ce, na sani, ba duka za ta dawo ba. Amma in daga bakinka ta fito, wasu za su ji.

Ina roƙon a kafa dokar cire sitika kafin sayarwa. Har yanzu a shirye nake in cire kyauta. Injina kuwa, in an ga dama a dawo da shi, in ba a ga dama ba a ɗauke shi daga ƙofar ofishinka inda rana take dukansa. Ko an dawo da shi ban san wanda zai sake kawo mini aiki ba.

Roƙona na ƙarshe ba kai kaɗai nake yi wa ba, har da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa. Mahaifiyata ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta ƙi bin su Hajara, ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai a gida ba. Har yau ba ta san abin da ake faɗa ba, na ce mata inji ne ya lalace. In har an riga an yanke cewa sai an zo an tafi da ni, kullum daga hantsi zuwa azahar ina zaune a kan benci a ƙofar shagona, ba na zuwa ko'ina. Don Allah a same ni a can. Kada a zo gida.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da kewaye. Allah kuma Ya sa kada a taɓa yin magana a kanka a tsakiyar tasha ranar da ba ka nan balle ka kare kanka.

Wassalam.

Ɗanka,
Murtala Mai Sitika,
Jibiya.