Katangar da Na Rushe Dominka

Nyanshegu, Tamale
Maris, 1956

Abdul-Mumuni, inuwar kaɗanyata, sanyin ruwan randata, hasken idona da ya ƙi dawowa,

"Ki rushe katangar da ke tsakaninmu, Safiatu. Kafin dawa ta nuna zan gama jarrabawa in dawo daga Kumasi, gidanki da nawa su zama ɗaya." Bakinka ne ya faɗa. An girbe dawar, an sussuka, mun ci tuwonta har rumbu ya yi ƙasa. Kai fa?

Ka tuna ranar da ka kai ni ɗakin gwajin kimiyya na makarantarku, ka yanko saiwar albasa, ka ɗiga mata rini, ka sa ta kan ɗan gilashi ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu? Na ga ƙwayoyin halitta jere kamar ɗakunan haya a zango, kowace da ɗan ƙulli a tsakiya, siririn tantani ya kewaye shi. A wata ƙwayar tantanin ya narke, zaruruwan ciki sun fito fili. Ka ce haka rai yake ƙaruwa, sai shinge ya faɗi. Numfashinka yana kan wuyana. Wallahi da garin duka ka ce in rushe, da na nemo diga!

Na rushe. Ni, bazawara mai furfura, mai koyar da 'ya'yan mutane karatu! Yanzu duk mai wucewa yana kallon madafata da shanyata. Awaki sun cinye barkonona. Matan unguwa kuwa kullum sai sun tambaye ni lafiyar ango.

Na koma ɗakin gwajin, na duba gilashin da kaina. Gefen ƙwayar da ka nuna mini akwai wadda ka tsallake: zaruruwan sun rabu, rabi gabas rabi yamma, sabon tantani ya kewaye kowane ɓangare, kowa da ɗakinsa. Ka san wannan, Malam. Rabin darasi ka ba ni? Ko har ka fara naka ginin a Kumasi?

Ka zo, don Allah. Na zama belbela a bakin tafkin da ya ƙafe, kowace lorin fasinja ta tsaya sai na miƙa wuya. Ka zo ko ba ka ci jarrabawar ba, ka zo ko da riga ɗaya!

Imoru magini ya ce in ruwa ya sauka ginin ƙasa ba ya tsayawa. Tubali ya riga ya bushe. Ina jiranka har ranar da aka ga watan azumi. Washegari zai ɗora katangar, ta fi ta dā tsawo, kuma babu ƙofa. Ba zan auri wani ba, ba zan daina sonka ba, amma daga bayanta za ka riƙa jin dakan sakwarata.

Taka har kabari, da katanga ko babu,
Safiatu