Rabin Ƙwayar Ɗelu

Madarunfa, watan Oktoba

Zuwa ga yayana Haruna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Mariama da yara. Yaya zafin Arlit? Mu nan sai godiya, ban da Ɗelu.

Yaya, ƙanwarmu Ɗelu ba ciwon shawara ke damunta ba, Inna kawai muka faɗa wa haka. Sida ce, cutar nan mai karya garkuwar jiki, ita da mijinta Sama'ila. Ita Maraɗi take karɓar magani, kuma ya karɓe ta, ai ka ga ƙibarta da salla. Shi kuwa, don kada 'yan'uwansa direbobin garin Ɗan Issa su gan shi a layin asibiti, Katsina yake zuwa karɓa. Da aka rufe iyakar Najeriya bara, nashi ya ƙare. Ya je Maraɗi mana? Ina! Wai kunya. Sai Ɗelu ta riƙa sa wuƙa tana raba ƙwayar maganinta biyu, ta ba shi rabi, wai ba ta taɓa ci miji na kallo ba. Tun damina har azumi haka suke yi.

Lokotoron asibiti ya zaunar da ni ya yi mani bayani. Cutar hayayyafa take ba hutu, kuma ba duk 'ya'yan ke kama da uwar ba. Cikakken magani yana danne su duka. Rabi kuwa masu rauni yake kashewa, masu taurin kai su rage su cika jini. Yanzu ko cikakke ta sha, kamar ta sha ruwan randa ne. An canza mata wani.

Wallahi na yi mata faɗa har muryata ta dishe, na fita bayan rumbu na yi kuka. Tsoro nake ji, Yaya.

Ka gaida kowa. Taka ƙanwa,
Zulai

Madarunfa, watan Mayu

Yaya Haruna,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na san ka ji rasuwar Sama'ila. Allah ya jiƙan shi, ko da yake har yau ban huce ba.

Sabon maganin ya riƙe Ɗelu ɗan lokaci, sai gudawa da tari suka dawo. An sake auna jini. Ashe cutar da ta gagari na farko ta gagari danginsa ma. Akwai na uku, an ce sai an tura jininta Yamai a jira. Ita ko tabarma ba ta iya tashi daga kai, ni ke juya ta.

Ba ta nadama, ka ji abin da ke ƙona mani rai. Ta ce ko yau aka koma haka za ta yi.

Kada ka jira hutu, ka taho yanzu. Jiya ta kira 'yarta Rashida, ta sa ta kwashe tufafinta da littattafanta na lakwal, wato makarantar boko, ta kai ɗakina. Yarinyar ta yi ta tambayar dalili. Ɗelu ta juya fuska bango, ni kuma na je na shimfiɗa wa Rashida tabarma kusa da tawa.

Wassalam, taka
Zulai