Sunana ba ya cikin takardar

Daren Laraba, watan Rajab, Yendi

Yau abokina Fuseini ya yi min abin da ban taɓa zata ba.

Asambili, wato ƙaramar hukumarmu, ta canza doka, wai ƙungiyar wasa ba za ta samu ganguna da mota ba sai ta kai sunayen 'ya'yanta da rubutun boko. Jiya na zauna na rubuta sunayen 'yan ƙungiyarmu da ajami, nawa a sama, na ba shi ya juya tunda shi ya yi makaranta. Har na tsokane shi na ce, "Akawu, kar ka manta da maigidanka."

Yau da safe a ofishin Asambili aka karanta waɗanda za a kai wasa Bawku. An kira kowa, har Adamu da bai iya riƙe kalangu ba. Ni shiru. Na fashe da dariya, na ɗauka ramuwar kwaɗon da na saka masa a aljihu ce. Na ce, "To ka rama, abokina, fito da ɗaya takardar."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Kai ke kwaikwayon tafiyar asambiliman, kansilanmu, a kasuwa. In suka ga sunanka, duk mun rasa."

Shi fa yake buga min ganga in ina wannan tafiyar!

Tuwo ma na kasa ci. Tsohuwar da mutane ke tururuwar kallo a wasanmu, ni ne ita, kuma zaninta da sandarta suna nan ƙarƙashin tabarmata. Na san gobe zai aiko a karɓa. Zan ce masa tsohuwa ba ta cikin takarda, ba ta zuwa Bawku.