Farin Furen Baba

Garin Izumi,
Farkon damina.

Zuwa ga Yayata Masae,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da yara. Yaya garin Sapporo, sanyin ya sake ku kuwa? Yaya gwiwar taki? Mu nan ruwa ya sauka, shanya ta ƙi bushewa, gidan duk warin danshi. Baba da sauƙi, yana cin abinci, faɗa kuwa ba abin da ya ragu. Hannun daman ne dai har yau yana nan kamar ba nasa ba.

Na san za ki ce ina amfanin waya da zan zauna rubutu. Kunnen Baba bai shanye ba, ƙofofin gidan nan kuwa kin san na takarda ne.

Ranar Laraba na kai shi Kobe. Gidan tarihin nan na duwatsun ado na gilashi ne suka aiko da gayyata, wai sun baje kolin masu zane a ciki, waɗanda ake kira idon-mazari, na tsofaffin masu sana'a, har da nasa. Da na karanta masa sai ya ce shi bai mutu ba balle a sa shi a akwatin kallo. Washegari na tashi na tarar ya yi aski da hannun hagu, ya yanki haɓa, yana zaune da hularsa yana jirana. Na ɗauko masa keken guragun.

Wurin duhu-duhu ne, kowane dutse da 'yar fitilarsa. Na tura shi muna bi layi-layi yana kushe mutane. Wannan ya cika wa gilashi wuta, wancan launi ya yi masa yawa kamar kantin alewa. Waɗanda aka tono daga tsofaffin kaburbura ne kaɗai ya cire wa hula. Sai ga nasa can ƙarshe, shuɗin nan mai farin fure a ciki, a buɗe kamar yana shawagi a ruwa. Yaya, na taso ina share irinsu da tsintsiya, amma da na gan shi ƙarƙashin fitila sai na tsaya ina ta kallonsa. A jikin katin sun rubuta sunansa da shekarar haihuwarsa, suka bar fili a gaba. Baba ya ce, "Kin gani, sun rage mini wuri." A ƙasa kuma an rubuta cewa ban da shi ba a san mai iya wannan furen ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A kusurwar ɗakin akwai inda ake nuna wa baƙi yadda ake aikin. Wani mutum mai furfura yana zaune gaban wuta, tsinken ƙarfe a hannun hagu, sandar gilashi a dama. Ban gane fuskar ba, kunnuwan na gane. Noboru ne, yaron shagon Baba na ƙarshe, wanda kike ce wa mai kunnen tukunya.

Kin riga kin yi aure lokacin da ya bar mu, abin da aka gaya miki kawai ya tafi. Ga yadda aka yi. Kin san dokar Baba, sana'a da ido ake satarta, ba a tambaya. Noboru ya yi shekaru yana shara, yana tankaɗe tokar da ake binne dutse a ciki ya huce, yana leƙe ta bayan kafaɗa. Komai ya ɗauke, ban da furen. Wata rana haƙurinsa ya ƙare, ya buɗe baki ya ce Malam ya gaya masa yadda ake yi. Baba ya kashe wuta ya ce ya fita, kada ya ƙara ganinsa.

Ke ma kin san wannan ba kora ba ce. Haka malamin Baba ya yi ta yi masa. Ana naɗe wa yaro kayan aikinsa a ƙyalle a ajiye a bakin ƙofa, da safe ya zo ya durƙusa a gabansu, a bar shi har gwiwa ta yi tsami, sannan a ce ya shigo. A ranar ne ma akan juya a bar shi ya ga abin da ake ɓoye masa. Da idona na ga Baba ya goge kayan Noboru da mai, ya naɗe, ya ajiye, ya bar ƙofa a buɗe. Mama har ƙarin shinkafa ta dafa. Gari ya waye, ba kaya, ba Noboru. Baba ya ce yaro ya zaɓa. Bai ƙara ɗaukar kowa ba.

Shi ne fa a gabanmu, kuma furen yake gwadawa. Baba ya ce in tsaya. Ina kallon hannunsa na hagu a kan gwiwa yana murza iska. Noboru ya ɗago ya gan mu, amma dutse ba a barinsa a tsakiya, sai da ya gama ya tura shi cikin toka. Ya miƙe, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa teburi. Baba ya ɗan duƙar da kai yadda yake yi wa mai kawo jarida. 'Yan kallo suka yi tafi. Shi wancan wanda aka kora ba ya fara magana, shi wannan malami ba ya fara magana. Ni kuwa Chizuru, da unguwa ta san ni da baki, na riƙe keke na tsaya kamar an dasa ni. Baba ya ce mu tafi, yunwa yake ji.

Sai a jirgin ƙasa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yana kashe furen tun bai buɗe ba." Na ce to me ya hana shi gaya masa? Ya ce, "Ya tambaye ni ne?" Na ce ai ya taɓa tambaya. Daga nan ya juya ga taga har muka iso Osaka.

Abin yana cina, Yaya. Kalma ɗaya daga bakina da ta isa. Ki rubuto ki gaya mini abin da kika gani. Ki gaida kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Chizuru.


Izumi,
Tsakiyar zafi.

Yaya Masae,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, da kifin da kika aiko, mun gode. Baba ya ce gishiri ya yi yawa, sannan ya cinye har nawa. Yaya jarrabawar auta? Nan ruwa ya ɗauke, zafi kamar a tukunya, gyare na ta kuka tun asuba.

Na ji faɗanki, na kuma karɓa. Na koma Kobe ni kaɗai, na ce wa Baba likitan haƙori zan gani. Noboru ya kai ni wani ɗan shagon shayi, ya zauna a gefen kujera kamar mai jiran hukunci. Har yanzu Yaya Chizuru yake ce mini, ga shi furfurarsa ta fi tawa. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, yana koyarwa, kuma da baki yake koyarwa, duk wanda ya tambaya ya gaya masa.

Na tambaye shi me ya sa ya yi fushi ya tafi. Ya zaro ido ya ce shi bai yi fushi ba. Ashe ya zo da sassafe a ranar, da niyyar ba da haƙuri. Ya tarar da kayansa a naɗe a waje. Shi ɗan ma'aikacin banki ne, a gidansu ba wanda ya taɓa zaman koyon sana'a, ba wanda ya taɓa gaya masa me ƙyallen nan yake nufi. Abin da ya gani kawai an fitar masa da kaya, har an goge masa su don kada ya sami dalilin dawowa. Ya ɗauka, ya sunkuya wa ƙofa, ya nufi tasha. Da na gaya masa ma'anar, Yaya, mutumin nan ya ajiye kofi ya rufe fuska da hannu biyu. Kayan nan su ne yake aiki da su har yau.

Na ce to ya tashi mu tafi gida yanzu. Ya ce ina, wanda ya juya wa malaminsa baya shekara ashirin ba ya faɗo masa gida kamar mai tallan awara. "In Malam ya ce in zo, ko da rarrafe ne zan zo."

Na dawo na zayyana wa Baba komai, har ƙaryar haƙorin. Can ya ce, "Sakarai. An ɗauke gidan ne daga inda ya bar shi?" Na ce in ce masa ya zo ke nan? Ya ce shi bai ce ba. Hali dai zanen dutse. Amma washegari ya sa na kira mai gas ya duba bututun shagon, ya kuma sa ni tankaɗe tsohuwar toka, ni da nake tari.

Kin ce in yi ƙarya kawai in ce Baba ya kira shi. Ke kina nesa, ba ke za ki zauna da shi ba in ya gane, kuma zai gane tun daga gaisuwa. Ina da dabarar da ta fi. Bikin Obon na tunawa da mamata ya kusa. Noboru zai zo ya kunna wa Mama turare, ai ta ciyar da shi shekaru. Mai zuwa gaida mamaci ba ya jiran gayyata, ba a kuma mayar da shi daga ƙofa. Kowa ya tsira da mutuncinsa. Na gaya wa Noboru ya yarda, na gaya wa Baba ya ce gidan ai na Mama ne, ita ta san baƙinta. 'Yan makonni ne kawai, ki bar ni in yi abina a tsanake.

Ki kula da gwiwarki. Baba yana gaishe ki, ko da yake bai faɗa ba.

Ƙanwarki,
Chizuru.


Izumi,
Farkon kaka.

Yayata,

Ina gaishe ki, da fatan kin sauka lafiya kuma gajiyar zaman asibiti ta sake ki. Na gode da zuwanki, ban san yadda zan yi ni kaɗai ba. Ki yi wa maigidanki godiya da ya bar ki kika daɗe.

An sallamo Baba bayan tafiyarki. Kamar yadda likita ya faɗa, wannan shanyewar jikin ta biyu ta tafi da maganar. Yana ji, yana ganewa, idon nan tar, amma in ya buɗe baki sai sauti kawai. Hannun hagun ma rawa yake yi. Obon ya zo ya wuce muna asibiti, turaren Mama ma maƙwabciya ce ta kunna.

Na kira Noboru na ce Baba ya ce ya zo. Ƙaryar da na ƙi yi ke nan, ga shi ta fito ba wuya, tunda mai ƙaryata ni ba shi da baki.

Ya zo ranar Lahadi da safe cikin baƙar kwat, da ƙyallen kayan a hannu. Bai shigo gida ba. Ya wuce bakin ƙofar shago, ya ajiye ƙyallen, ya durƙusa ya kafa goshi a ƙasa. Na turo Baba. Na zaci zai bar shi ya daɗe, amma nan take ya buga hannun keke, ya nuna ciki da haɓa.

Noboru ya cire kwat ya kunna wuta. Na ajiye Baba dab da kafaɗarsa, inda shi Noboru ya saba tsayawa da. Ya narka shuɗin, ya ɗora farin, ya danna. Baba ya girgiza kai. Ya sake, a hankali. Baba ya girgiza kai. Ya sake da sauri, ya matso da wuta, ya nisanta, ya canja hannu. Duk lokacin da aka zo daidai wurin sai Baba ya zabura, jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa ya buɗe, abin yana nan a kan harshensa, ina ganinsa, amma ya ƙi fita. Na kawo takarda da alƙalami, ya ja wasu layuka kamar tafiyar tsutsa, ya ture. Na kama hannunsa na ɗora kan na Noboru ko zai nuna, rawar hannun ta ɓata dutsen. Ban taɓa ganin Baba yana hawaye ba, ko ranar rasuwar Mama. Ranar na gani, kuma na haushi ne.

Abinci ya huce ba wanda ya taɓa. Da la'asar rigar Noboru ta jiƙe sharkaf, yatsunsa sun ƙone, tukunyar toka ta cika. Ya yi wani, ya ɗaga shi a gaban Baba yana nan jawur da zafi. Baba ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya daɗe yana kallon Noboru. Sai ya gyaɗa kai.

Yaya, har tsalle na kusa yi. Noboru ya binne dutsen, ya kashe wuta, ya sunkuya ya yi godiya. Na kai Baba ya kwanta, na dafa shayi ina ta surutu ni kaɗai. Da dutsen ya huce Noboru ya tono shi, ya wanke, ya sa a aljihu. Na raka shi har bakin titi, na ce ya nuna mini mana. Ya ɗaga shi a hasken yamma. Kyakkyawa ne, ko'ina aka kai shi za a saya. Furen dai a tsuke yake.

Ya ce, "Ba shi ba ne, Yaya. Malam ma ya sani."

Na ce to me ya sa ya gyaɗa kai?

Ya ce, "Tausayina ya ji. Da ma jifana ya yi da shi."

Ya ce zai dawo Lahadi mai zuwa. Da na gaya wa Baba sai ya lumshe ido, ya nuna shagon, ya yi mini alamar in rufe gas ɗin. Na rufe.

Ni na ce a jira lokacin da ya dace, don kada kowa ya ji kunya. To ba wanda ya ji kunya. Ranar da kika rubuto kika ce in yi ƙarya, Baba yana da baki, har kifinki ya kushe da shi.

Ki gaida yara. Ki rubuto, gidan ya yi shiru da yawa.

Taki har kullum,
Chizuru.