Ruwan Shuka Ya Sauka, Irinmu Yana Hannunku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Iri na Ƙungiyar Manomanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ranka ya daɗe, ni manomi ne daga Gammo, kuma tsoro ne ya sa na rubuto.

Na farko. Da rani kuka tara mu, kuka ce kowa ya kawo tsohon irinsa ku musanya masa da ingantacce, mai saurin nuna, a kan farashi ɗaya mai rangwame. Na yarda. Na sauke kaurar da muke ratayewa a madafa kowace kaka don hayaƙi ya kare ta daga ƙwari, na casa, na kai muku. Inna, mahaifiyata, ta ce ita ba ta taɓa ganin inda aka miƙa iri kafin a ga madadinsa ba. Na ce mata zamani ne.

Na biyu. Kun sa an hana sayar da iri a kasuwarmu, wai don maganin jabu. Akwai jabun, ban musa ba. Amma Malam Bitrus, mutumin Filato da ya daɗe yana sayar mana, a da yana nan kowace ranar kasuwa. Tsada gare shi, mukan yi ciniki har mu ɓata, sai dai in ka biya ka tafi da irinka a hannu, in kuma bai tsiro ba ka san rumfar da za ka je. Yanzu rumfar a rufe take. Naku mai arha ne, amma har yau ban gan shi da idona ba.

Na uku. Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya. Na je Kabo karɓar irin, aka ce motar da ta ɗauko shi tana Gwarzo. Na je Gwarzo, aka ce ana jiran sa hannu. Danshin ƙasa ba ya jiran sa hannu, ranka ya daɗe. Masu hali sun tsallaka ƙasar Katsina sun sayo, ni ko kuɗin motar ba ni da shi. Wallahi ina jin tsoro. Rumbuna ba zai kai mu kaka ba, balle a ce kakar ma babu.

Jiya Inna ta kira ni ɗakinta, ta kwance wani tsumma. Ashe zangarniya biyu ta ɓoye ranar da nake sauke irin. Ba za su rufe ko bakin gona ba.

Roƙona: ku bar masu iri su buɗe rumfunansu a kasuwa mai zuwa. In hakan ya gagara, ku dawo mana da kaurarmu, idan ba a riga an niƙa ta ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka sauke wannan nauyi lafiya.

Wassalam.

Haruna, manomi daga Gammo