Jan Salatif a Firjin Inna Hajo

Laraba da dare, Wurno

Yau na tafka abin kunya a Achida. Firjin Inna Hajo mai kunun aya, wanda na canja wa sensa makon jiya, ya daina sanyi, kununta duk ya yi tsami. Ko buɗe shi ban yi ba na hau ta da faɗa a gaban 'ya'yanta: "Kin kankare ƙanƙara da wuƙa, kin huda bututu, gas ya tsiyaye!"

Ta rantse ba ta taɓa ba. Na yi tsaki.

Da na kwance murfin ciki, gas lafiya lau. Sensar ce, 'yar wayar da ke jin sanyi, manne da farantin ƙanƙara, shi ya sa injin ke kashe kansa da wuri. Kuma da jan salatif ɗina aka manna ta. Aikin hannuna ne.

"Mi kag gani, ɗana?"

Na ce datti ne kawai.

Na gyara, firji ya ɗauka. Zan hau babur ta biyo ni, wai in yafe mata in ita ta ɓata. Tsohuwa sa'ar uwata! Ni kuwa na buɗe baki na ce mata, "Na yafe, Inna."

Tuwona na nan a rufe, na kasa ci.