Harafin da Fiyanon Mika'ilu Bai Sani Ba

Kalgo,
4 ga Maris.

Zuwa ga Yaya Kulu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Gwandu. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai kewa.

Tun da na fita takaba kike cewa in tattara in dawo gida. Zan dawo, amma wani abu ya riƙe ni, kada ki yi mini dariya. Tsohon fiyanon lantarkin nan ne na maigidana marigayi Mika'ilu, wanda ya saya a hannun Malam Elisha, abokin koyarwarsa mai kiɗa a coci. Kin san ba waƙa yake kaɗawa ba. In ya taso daga makaranta sai ya zauna yana tura wani ɗan maɓalli sama da ƙasa, lambobi na sauyawa a ɗan gilashin fiyanon, har ƙara ta fito wadda babu irinta a duniya. Ni kuwa ina ta yi masa tsiya wai ya tara aljanu a akwati.

Talatin da biyu ya ƙera, kowace da sunanta. Yanzu nakan kunna bayan la'asar. In na danna RUWA sai in ji ni kwance a ƙasan rijiya ina kallon sama. Wata kuma kamar shanu na wucewa can wajen Dangoma, amma cikin gajimare. Akwai guda da ya rubuta wa BARI. Tunda ya ce a bari, ban taɓa ta ba.

Jiya Malam Elisha ya zo da matarsa. Ya duba, ya ce ɗan batirin da ke riƙe da su ya kusa mutuwa, kuma ko canza shi aka yi duk za su goge. Dabara ɗaya ce, a kwafe lambobin a takarda, kowace ƙara kuwa lambobinta sun fi ɗari. Da karatuna na firamare, Yaya, nawa zan iya cetowa? Ban ma san wadda zan zaɓa ba.

Ki gaishe da Inna.

Ƙanwarki,
Mairama.


Kalgo,
9 ga Maris.

Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, na gode da daddawa.

Ina cikin duba sunayen na ga KOFA, na ga KWADI. Na tsaya. Ƙofa yake nufi, da kwaɗi. Ashe fiyanon bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Sai na koma kan BARI, na danna.

Bugu ne, Yaya, ƙarami mai sauri, kamar daga cikin ruwa. Bugun zuciyar ɗan da ke cikina ne, shi muka ji ni da Mika'ilu a asibiti shekara shida da suka wuce, mako biyu kafin in yi ɓari. In na ɗaga yatsa sai ya yi ta nisa har ya ɓace.

Kin tuna yadda na kawo miki ƙararsa, na ce mutumin nan ko sau ɗaya bai ƙara tayar da zancen ba, kamar ba ɗansa ba. Ashe nan yake zuwa ya zauna da shi, ni ina tsakar gida ina yi masa tsiya. Allah ya yafe mini, ya jiƙansa.

Wannan ƙarar na zaɓa. Kwana biyu ina kwafe lambobinta a littafi, ɗaya bayan ɗaya. Sauran na saurare su na sallame su.

Taki,
Mairama.


Kalgo,
16 ga Maris.

Yaya Kulu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Da fatan zafin nan bai takura muku ba.

Ranar Talata aka canza batirin. Da aka kunna, gilashin ya cika da shirme, babu RUWA, babu kowa. Malam Elisha ya nuna mini yadda ake shigar da lambobi, ya tafi. Na wuni ina tura ɗan maɓallin nan a kujerar Mika'ilu. Da farko iska ce kawai. Can ta zama kamar ana daka a wani gari. Can sai ga bugun ya fito, Yaya, da hannuna.

Amma na yi kuskure a wani wuri, wataƙila bakwai na mayar ɗaya. Yanzu in na ɗaga yatsa ba ya ɓacewa, bugawa yake ta yi. Da Malam Elisha ya dawo ya ji, ya ce lamba ɗaya ce, a minti guda zai gyara ta koma yadda marigayi ya yi ta. Na yi masa godiya, na ce a'a.

Ki gaya wa ƙanenmu Bashir ya zo da mota ranar Asabar, ya bar wuri a kujerar baya, ba zan sa fiyanon a but ɗin kaya ba. Yanzu haka da nake rubuta miki yana nan kusa da ni, yana bugawa.

Sai mun iso.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mairama.